Dattijo a Kan Katako

Ɓeraye kashi biyu ne a ɗakin binciken. Kashi ɗaya sau ɗaya a mako ake ɗura musu giya, su sha su baje. Ɗaya kashin kullum ake ba su, kuma da sun sha sai a ɗora su kan siririn katako su tsallaka. Cikin 'yan kullum akwai wani ƙato da ake kira Dattijo, don tafiyarsa irin ta mai zuwa rabon gado ce.

Ranar gwaji Dakta, shugabar ɗakin, ta tsaya tana kallo. 'Yan mako suka riƙa zubowa kamar ruɓaɓɓun mangwaro. Dattijo ya tsallake, ko gezau.

"Wannan bai sha ba," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, ya fi kowa sha," in ji Dogo, abokin aikinta. "Jininsa in aka kusanto da ashana sai ya kama. Katakon kawai ya haddace. Duba ki gani."

Ya gangaro da ƙwallon roba. Sai da ta bugi Dattijo a hanci ta wuce, sannan ya waiwaya yana neman abin da ya same shi.

Dakta ta tuna gida. A gidanta ma akwai katako: layin tayil ne daga ƙofar falo zuwa kicin. Tun da ta gane mijinta na sha ta kafa masa doka, ba zai taɓa makullin mota ya je ɗauko 'yarsu Auta daga makaranta ba sai ya bi layin tana kallo. Da fari yakan kauce, ta hana shi. Daga baya ya daina kaucewa, har ta yi wa yayarta alfahari cewa boko ya yi rana. Yau ma da ta leƙa gida da rana ya bi layin yana fito. Da hannunta ta miƙa masa makullin.

"Dogo, mu muka koya masa ke nan?"

"Wa kuma? Kullum muna ɗora shi."

Ta kira mijin a waya. Muryarsa garau.

"Dakta tawa! Muna babban titi, ga 'yarki."

"Baban Auta, gangara gefe ka kashe motar."

"Haba! Ban ci jarrabawar ba ne?"

"Ka ci. Tsaya, na ce!"

Shirun ya yi tsawo, irin na Dattijo da ƙwallo, kafin ta ji injin ya mutu.

"Umma, me ya sa muka tsaya?" in ji Auta.

"Zare makullin ki riƙe gam. Ko ya roƙe ki kar ki ba shi. Ga ni nan zuwa."