Alli a Hannun Hagu

Tun kafin a sallami Kaparan Illo, wato kofur, daga asibitin soja, jama'a sun riga sun yanke masa abin da zai zama: mai gadi. Haka mutane suke, in mutum ya rasa hannun dama sai su ɗauka har da ƙwaƙwalwarsa aka yanke. Nakiya ce ta tashi da motarsu a kan hanyar iyaka, ta tafi da hannun tun daga saman gwiwar hannu, ta bar masa sauran jiki da bakinsa, wanda dama bai iya shiru ba.

Akwai asusun da ke biya wa sojan da ya ji rauni kuɗin koyon sana'a ko na karatu, don kada ya koma gida ya zama abin tausayi. Abu ne mai kyau, ba wanda ya musa. Sai dai masu kula da shi sun saba da hanya biyu tak: ko a koya maka kiwon kaji, ko a nema maka ƙofar wani kamfani ka zauna kana buɗe wa motoci. Illo kuwa ya ce makarantar horon malamai yake so. Ya gama kwaleji kafin ya sa kaki, kuma a bariki shi ke tara 'ya'yan abokansa yana yi musu bitar darasi. Kwamitin asusun ya yi ta jan ƙafa, daga bisani ya ce to, ya zo ya nuna cewa zai iya rubutu a allo kamar kowane malami. In ya iya, za a biya masa karatun. In ya kasa, kajin suna jiransa.

A unguwar Bobiel, kusa da gidan da suke haya, akwai wani kango da mai shi ya fara gini ya tsaya. Nan Illo ya mayar ajinsa. Kowace safiya sai ya ɗebi gawayi daga murhun matarsa Balkisa, ya tsaya gaban bangon siminti yana fama. Rubutun farko kamar kaza ta bi ta kan taɓo. Ya yi ta zagin hannun, hannun kuwa ya yi kunnen ƙashi.

Abin da maƙwabta ba su sani ba, Illo bahago aka haife shi. Yana ƙarami, kawunsa ne ya ɗaure masa hagun da tsumma a bayansa, in ya kuskura ya kai shi akushi sai ya sha bulala, har ya koma dama ƙarfi da yaji. Yanzu hannun da aka yi wa duka, aka ce ba ya ci ba ya gaisuwa, shi kaɗai ya rage. Shi ya sa in Illo ya dube shi, wani lokaci dariya ke zo masa, wani lokaci kuma baƙin ciki.

"Fushi yake da kai, Kaparan," in ji Balkisa, tana leƙen bangon da tsintsiya a hannu. "Kun wulaƙanta shi tun yana ƙarami, yanzu kuma ka zo kana ba shi oda. Lallashi nai za ka yi."

"Mi zan ce mai?"

"Abin da kake ce ma mutane kullum. Ka ba shi haƙuri."

Nan ta taɓa masa inda ke ciwo, domin tun fitowarsa asibiti ba abin da ya fi faɗa kamar "a yi haƙuri da hagu". In zai gaisa da liman, haƙuri. In zai sa hannu a kwano cikin mutane, haƙuri. Har yaran unguwa yake bai wa haƙuri in zai miƙa musu abu, sai ka ce shi ya dasa nakiyar. Ya gaji da kalmar har cikin ransa.

Hannun dai ya sauko a hankali. Baƙaƙen suka fara tsayawa da ƙafafunsu, ko da yake duk sun karkata gefe guda. Ba za a ce rubutun ya yi kyau ba, amma makaho kaɗai zai ce bai karantu.

Ranar gwaji aka ara wani aji a unguwar Yantala. Mutum biyu ne a gaba: wani kanal mai furfura daga asusun, da Mushe Isaka (mushe ake ce wa malamin boko a nan), tsohon darektan lakwal, wato shugaban makaranta, wanda ya yi ritaya, aka gayyato shi don ya san aikin. Mushe Isaka siriri ne, mai tabarau, irin malaman nan da ko tari suka yi sai aji ya nutsu. Ya ɗauki alli ya miƙa. Illo ya kai hagunsa, kalmar haƙuri ta zo har bakin leɓensa, ya haɗiye ta. Tsohon ya lura, ya ɗan riƙe allin kafin ya saki.

Illo ya rubuta ranar wata a saman allo, ya ja layi. Ya rubuta jimlar da aka karanta masa. Allin ya karye, ya sunkuya ya ɗauki guntun ya ci gaba. Gumi ya jiƙa masa baya, hannun rigarsa na dama, wanda Balkisa ta naɗe ta maƙale da fil, yana ta lilo.

"Ya isa, Kaparan," in ji kanal, cikin murya mai taushi. "Ka yi ƙoƙari, ƙasa ba za ta manta da kai ba. Zauna ka huta."

Illo ya san irin wannan muryar. Da ita ake raka mutum wurin kaji.

"Mon kolonel, ban gaji ba. A ƙara mini wata."

Mushe Isaka ya cire tabarau ya goge. "Ɗana, rubutunka ba shi ne damuwata ba, na ga wanda ya fi shi muni a hannun masu dama. Amma yara kwaikwayo gare su. Duk abin da mushe ya yi, shi za su yi. Kafin wata ya ƙare za ka ga rabin aji sun koma hagu, iyaye kuma su cika ofishin darekta da faɗa. In sun zo, mi za a ce musu?"

Daga waje ana jin mai kabu-kabu yana ta danna ham. Illo ya ji zuciyarsa ta hau, irin hawan da bai ji ba tun a daji. Ya ajiye allin, ya kai hannu ya zare fil ɗin, ya naɗe hannun rigar sama har dungun ya fito fili da tabon ɗinkinsa.

"A turo su wurina, Mushe. In na dama suke so, zan kwatanta musu inda na baro shi. Wanda ya ga zai iya, ya tahi ya ɗauko mini, ni kuwa in rubuta ma ɗiyansa da shi. Kafin nan, da wanga zan koyar."

Kanal ya kau da kai ya dubi taga. Mushe Isaka bai kau da nasa ba. Ya daɗe yana duban dungun, sannan ya mayar da tabarau, fuskarsa ba alamar sassauci.

"Ɗauki allinka. Goge tabulo, ka rubuta jimla ta biyu."

Illo ya ɗauki allin, sai ya ga ba hannun da zai kama tsumman goge allo. Bai tsaya tunani ba, ya cije allin da haƙori, ya ɗauki tsumman ya share allon tas daga sama har ƙasa. Ya juyo, bakinsa fari fat, yana jiran jimla.

"Cire wannan daga bakinka," in ji tsohon a tsawace. "Shi ne abin da ban yarda yara su kwaikwaya ba. Ran Litinin in za ka tahi makarantar horon malaman, ka sa riga mai aljihu don alli."