Marin Abakar

Ni Madu maƙeri ne, haifaffen unguwar Abbaganaram a cikin Yerwa, kuma ban taɓa sha'awar aikin gidan yari ba. Uwata Ya Kellu ce ta sa na karɓa.

Daf da babban yaƙin Turawa aka kawo wata doka, wai a riƙa fitar da fursunoni wasanni kowace Alhamis bayan la'asar: kokawa, langa, tsere, har da ƙwallo. Kai, Turawa! Ka ɗaure mutum da ƙarfe, sannan ka ce ya yi langa. Yarin lokacin, Ba Ajimi, ya yi ta masifa, amma dokar ta ce duk wanda zai shiga fili a cire masa mari, wato ƙarfen ƙafa, in an tashi a mayar. Marin zamanin kuwa ba shi da makulli, ƙusa ake dakawa, don haka dole sai da maƙeri. Da ganduroba ya zo nemana, na ce masa ya gwada wani.

Ya Kellu tana ji daga cikin gida. Yana fita ta ce, "Za ka je."

Na san dalilinta. Yayana Abakar dillalin shanu ne, faɗa ya haɗa shi da wani a kasuwar Khaddamari, aka ɗaure shi, ciwon ciki ya kashe shi a ciki. Ba a ba mu gawa ba. Sai daga baya wani mutumin Konduga da aka saki ya gaya mana cewa da marinsa aka binne shi a bayan katanga, don ba a kiran maƙeri saboda gawa. Tun ranar uwata ba ta ƙara cin abinci ta ƙoshi ba.

"Ya, me zan yi a can? Tonawa zan yi?"

"Ɗana yana kwance a ɗaure, Madu. Haka zai tashi gaban Ubangiji? Ka je ka samo mini inda suka sa shi."

Na je. Abin da na tarar ya ƙona mini rai: bayan katangar nan ne aka share, aka baje, aka mai da shi filin wasan. Ko alamar kabari ɗaya ba a bari ba. Na tambayi gandurobobi, kowa ya kau da kai.

Ga yadda nake aiki. Ina zama a bakin fili da uwar maƙera tsakanin ƙafafuna, fursunoni su yi layi, kowa ya ɗora ƙafa, in fasa ƙusa, ya wuce. Ba na ɗaga kai. Haka mahaifinmu ya koya mana: wanda kake taɓa masa mari kada ka dubi fuskarsa, kunyar da yake ciki ta ishe shi. Ƙafafu kawai na sani.

Wata Alhamis da aka tashi na mayar wa kowa nasa, sai ga mari guda ya rage a gefena. Ba Ajimi ya yi tsalle. "Wani ya gudu!" Aka ƙirga mutane, aka sake ƙirgawa, kowa yana nan, kowa da ƙarfensa. Na ɗauki wanda ya rage. Tsatsa ta ci shi, ga ɗanyar ƙasa a manne, alhali rani ne, ƙasar Yerwa ta bushe ƙamas. Sai na tuna ƙafar da na cire shi a kai. Ta yi sanyi kamar tulu, kuma da ta sauka ban ji takunta ba.

Ba Ajimi ya dube ni, na dube shi. Ya ce a hankali, "Jefa shi rijiya. Ka rufe bakinka."

Da na gaya wa Ya Kellu ba ta ko firgita ba. Ta ajiye muciya ta ce, "To, Abakar ma zai zo."

Matattun da ke ƙarƙashin filin suka yi ta zuwa. Wani mako ɗaya, wani mako biyu, kullum a ƙarshen layi. Fursunonin suka daina tsayawa baya, har rige-rigen gaba suke. A fili ana ta ihun kokawa, ana buga ganga, rana ta karkata a kan katanga, ni kuwa ina fasa ƙusa a kan ƙafa mai sanyi. Wallahi na ji tsoro, tsoron da har yau ban manta shi ba. Amma ina fasawa, ina duba kowace ƙafa, in koma gida uwata tana bakin zaure.

"Shi ne?"

"Ba shi ba ne, Ya."

Sai yaƙi ya zo. Aka ce fursunoni duka za su tafi aikin filin jirgi, wasanni an dakatar sai abin da hali ya yi. Ba Ajimi ya yi murna, baki har kunne. "Yau ce ta ƙarshe, Madu. Ana busa usur ka mayar musu da ƙarfe, ka kwashe kayanka, kada in ƙara ganinka."

Ranar layin bai ƙare ba. Masu rai sun wuce, sun shiga wasa, ƙafafu masu sanyi suka yi ta hawa uwar maƙera ɗaya bayan ɗaya. Da alama su ma sun ji labari. Ina fasawa da sauri, gumi na shiga mini ido, tsofaffin ƙarafa na taruwa a gefena. Inuwar katanga ta rufe rabin fili, sannan wata ƙafa ta hau. Babban yatsanta a karkace yake, inda bijimin mahaifinmu ya taka Abakar muna yara.

"Yaya," na ce. Na so in ɗaga kai, Allah ya sani na so, amma na tuna shi mutum ne mai kunya, ba zai so ƙaninsa ya gan shi haka ba.

Ƙusarsa ta haɗe da ƙarfen, tsatsa ta mai da su abu ɗaya. Na daka, na daka, har fatar hannuna ta tsage. Can ta fashe, zoben ya buɗe. Ya sauke wannan ƙafar, ya ɗora ɗayar. Na kai duka ɗaya, sai usur.

"Ba Ajimi, don Allah! Ka ƙara musu kaɗan!"

"Ka haukace? An tashi!" Ya sake busawa.

Ƙafar ta zame daga hannuna. Na kai cafka, ƙasa na damƙa. Fursunoni suka taho layi suna haki, duk da hayaniyarsu ina jin ƙarfe ana jansa a ƙasa, yana nisa zuwa tsakiyar fili, har ya yi shiru. Na mayar wa masu rai marinsu ina kuka kamar ba namiji ba, ba wanda ya yi mini dariya.

Na iso gida magariba ta kusa. Ya Kellu ta dubi hannuna mai jini, ta dubi fuskata.

"Ya zo," na ce. "Amma ƙafa ɗaya kawai na samu na kwance, Ya. Ki yafe mini."

Ta matso kusa da ni. Sannan ta tambaya, "Wacce?"

"Ta dama."

Ta share idonta da bakin mayafi. "Alhamdulillahi. Da ita ake fara shiga."