Ranar da Furera Ta Tsallake Mijinta

Furera na ɓarar gyaɗa a gindin darbejiya, mata huɗu sun kewaye ta, ta kai labarin daidai inda Khalilu ya durƙusa yana roƙon yarinyar ta guje shi, sai ga Tasi'u, ƙanen mijinta, ya ce Inna na kira.

"Haba Tasi'u, yanzu fa zai cije ta!" in ji Kaltume, maƙwabciyarta.

Ko murmushi bai yi ba.

Tun asali labarin ba na Furera ba ne. A waya ta fara jin sa, irin littattafan nan da ake karantawa a zuba wa mata a kati. Katin ya lalace ana tsakiyar daɗi, sai ta ci gaba daga kanta. Khalilu kyakkyawa ne, shekararsa ɗari uku, ba ya tsufa, ba ya ciwo, abincinsa jinin mutane. Akwai marainiyar da yake so, akwai kuma wani manomi mai haƙuri da ke neman aurenta, wanda babu matar da ta taɓa goya wa baya.

"Manomi ai muna da shi a gida," Kaltume takan ce. "Ki ba mu wanda ba ya kwanciya asibiti."

A shekarun nan da taki ya gagari talaka, tuwo ya koma sau ɗaya a rana, labarin nan ne kaɗai abin da matan ƙauyen ke samu har su ƙoshi.

Ta tashi ta shiga gida. An fito da mijinta Badaru tsakar gida a kan tabarma, ya yi fari fat, wata biyar ke nan yana kwance. Uwarsa, Inna Hure, na zaune a kansa da wasu tsofaffi biyu.

"Zo nan," in ji Inna Hure. "Likita ya ce jinin yaron nan ƙarewa yake yi. Na ce ina yake zuwa, ya yi ta mini turanci. Ni kuwa kullum ina jin ki ta katanga. Kin san yadda ake sha, kin san jijiyar da ake kamawa. Wa ya koya miki?"

"Inna, tatsuniya ce fa."

"Tatsuniya da rana tsaka?"

"Inna, jinina ne a jikinsa. Sau biyu ana ɗiba a hannun nan ana ƙara masa. Tasi'u na wurin."

Tasi'u ya sunkuyar da kai.

"Mai ɗiban hatsi a rumbun mutane yakan mayar da kaɗan don kada a gane," in ji tsohuwar. Ita ma ba mugunta ce ta zaunar da ita a nan ba. Badaru ne ɗanta na fari. "Ki tsallake shi sau uku, ki sakar masa kurwa. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Furera ta san ƙa'idar, kowa a nan ya sani. In ta tsallake ya tashi, an kama mayya: ba mai sake cin abincinta, 'yarta Mairo kuwa sai dai ta tsufa a ɗakin uwarta. In ta ƙi, nan ma an kama ta.

"Inna, ki ji tsoron Allah," Badaru ya ce da ƙyar. "Furera, kada ki yi."

Ta dube shi, tausayi ya kama ta. Shi ne manomin cikin labarin, babu wadda ta gane. Ta ba manomin wushiryar Badaru, ta ba shi halinsa na dawowa daga noman rani a Watari da kara ɗaya na rake a ɗaure a keke. Ta daɗe da yanke cewa a ƙarshe marainiyar manomin za ta zaɓa. Jan labarin kawai take yi, tana jiran ya warke ya ji.

Ta gyara ɗaurin zanenta.

Tsallaken farko da fushi ta yi shi. A na biyu sai wani tunani ya zo mata, wanda ya ba ta tsoro: likitoci sun yi nasu sun gaji, to in fa akwai wani abu a jikinta da ita kanta ba ta sani ba? A na uku addu'a take yi a zuci, tana neman Allah ya sa ita ce.

"Na sake ka, Badaru," ta ce da ƙarfi, kowa ya ji. "Wallahi na sake ka. Tashi."

Ya yi mata ɗan murmushi, wushiryar ta fito.

Tana nan zaune tana yi masa fifita har azahar ta wuce. Matan gindin darbejiya sun watse, ko Kaltume ba ta leƙo ba. Ana kiran la'asar ya cika.

Inna Hure ta rarrafo ta rungume ta tana kuka.

"Ki yafe mini, 'yar nan. Ba ke ba ce. Allah ya wanke ki a idon duniya."

Furera ta ja mayafi ta rufe masa fuska, ta gyara gefen da ya naɗe.

"Da ma ni ce, Inna," ta ce. "Ai da ya tashi."