Fuskar Baba a Jikin Taga

Su biyu ne a ɗakin haya, wata mai ɗinki da ƙaramar 'yarta. Maigidan ya rasu yarinyar tana goye, kuma ba su da hotonsa ko ɗaya, sai guntun fim mai duhu, wanda masu hoto ke kira nagatif.

Wata rana suka yi ta zagayen shagunan hoto har ƙafafunsu suka yi nauyi. A shagon ƙarshe, tsohon mai hoton ya jujjuya fim ɗin ya miƙo mata.

"Baiwar Allah, injin wanke wannan ai ya riga gashin kaina tafiya."

Da suka koma gida, uwar ta ɗaga fim ɗin a hasken taga. Yarinyar ta leƙa.

"Umma, ashe Baba tsoho ne? Gemunsa fari fat, haƙoransa baƙaƙe ƙirin!"

"A'a, 'yar nan, komai a juye yake. Farin baƙi ne, baƙin kuma fari."

"To, yaya hancinsa yake?"

Uwar ta buɗe baki, ta rufe. Ta matso da fim ɗin dab da idonta, ta daɗe tana kallo har hannunta ya gaji.

A nan yarinyar ta gane cewa Umma ma ta fara manta fuskarsa.