Kada a Sauko da Shi

"Riƙe mini nan, Mai Ɗinki, kada su zubo."

Mai gidan da muke haya ne tsaye a tsakiyar matakala, rungume da kwalayen da babu komai a cikinsu, har sun rufe masa fuska. Gobe-Gobe muke ce masa a bayan idonsa, don ko rufi ne ya rufto maka a ka, amsarsa ɗaya ce. Amma ran nan jikinsa har ɓari yake.

"Ina za a kai su?" na tambaye shi.

"Sama mana. Ma'aikacin tsara birni zai zo dubawa jibi. Abin da zai gani ɗakin ajiya ne. Kin ji ko? Ɗakin ajiya!"

Ɗakin saman nan shi ya ɗora shi a kan nawa ba tare da izinin gini ba. Shi ya sa ba shi da mita, ba shi da famfo, matakalarsa kuwa ko mutum biyu ba sa gilmawa. A ciki Baba Direba da matarsa Goggo suka tsufa. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, wata 'yar na'urar numfashi ke riƙe da shi, wutarta kuma daga ɗakina take hawa, ta wata baƙar waya da muka ja ta taga.

Na bi shi a baya muka hau. Baba yana jingine da filo, robar iska a hanci, ya rame sai idanu.

"Baba, yini ɗaya ne kawai," in ji Gobe-Gobe yana jera kwalaye a jikin bango. "Ku sauka ɗakin Mai Ɗinki, in sun tafi ku dawo. Kai ma ka huta da zafin nan."

"To, direban kwali," in ji Baba, yana tsayawa yana jan numfashi. "Ka cika mota... ba fasinja."

Babu wanda ya yi dariya sai shi, ita ma tari ya cinye ta.

Da mai gidan ya fita, Baba ya yafito ni. Ashe tun yana iya taka ƙasa ya je ya tambayo. In aka tarar da masu haya a ginin da ba shi da izini, dole a ba su lokaci kafin a rushe, mai gida ya mayar musu da kuɗin ajiyarsu, ya kuma ɗauki nauyin tashinsu. In kuwa ɗakin ajiya ne, sai guduma kawai. Su ko rasit Gobe-Gobe bai taɓa ba su ba.

"In na sauka, 'yata, shi ke nan ba mu taɓa zama a nan ba. Ni tawa ta ƙare. Ita fa, ina za ta dosa?"

Goggo na gefe tana ninke tawul ɗin da ta riga ta ninke. Ba ta ɗago ba.

Washegari Gobe-Gobe ya same ni a kan keken ɗinki. Ya ce in cire wayar nan, in ba haka ba nawa ɗakin ma sai an sake magana. Wallahi na ji tsoro, don ban da inda ya fi nan. Na ce masa, "To, gobe." Ya tsaya yana kallona, sannan ya juya ya fita.

Ranar dubawa na hau da butar ruwan zafi da hantsi, kamar kullum. Na'urar tana ta hucinta. Goggo na zaune a bakin gado, hannunta a kan nasa, an ja masa bargo har wuya. Na ce, "Baba, an tashi lafiya?" Shiru. Na kai idona ƙirjinsa, bargon ba ya motsi.

Butar ta nemi suɓuce mini.

"Ajiye a hankali," in ji Goggo. Muryarta ba rawa ko kaɗan. "Ya cika ɗazu. Kada ki yi kuka tukuna. In maƙwabta suka ji, hawowa za su yi su ɗauke shi. Ya ce kada a sauko da shi sai sun gani."

Na zauna a ƙasa cikin kwalaye. Ban ji komai ba, ko baƙin ciki ban ji ba. Ƙuda nake kallo yana yawo a bakin kofi. A ƙasa mai gyaran babur yana ta buge-bugensa, wata mata tana ciniki da mai kayan miya. Muka yi ta zama, na'urar tana hura iska a hancin da ba ya ja.

Can muka ji takun takalma, da muryar Gobe-Gobe tana gaba. "Tarkace ne kawai, ranka ya daɗe, ba sai ka wahala ba."

Ma'aikacin ya sunkuyo ya shigo, wani siriri mai tabarau. Ya dubi kwalayen. Ya dubi tukwane a kan kanta, da hular direba a jikin ƙusa, da baƙin tabon da kan Baba ya yi wa bango saboda shekarun jingina. Sannan ya dubi gadon. Sai ya koma bakin ƙofa ya cire takalmansa.

"Mama, ku ke zaune a nan?"

"Mu ne. Ni da shi."

"Allah ya jiƙansa," ya ce a hankali. Ya juya ga mai gidan. "Ka ce ɗakin me?"

Gobe-Gobe ya juya wajen kwalayensa. Ya ɗauki kwali ɗaya, ya sake ajiye shi.

Goggo ta zare robar daga hancin mijinta, ta goge masa fuska da tawul ɗin nan. "Kashe ta yanzu, 'yata," ta ce. Na danna. Da ɗakin ya yi tsit ne ta fashe da kuka, irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba.

A cikin bargo aka sauko da shi, hannu zuwa hannu, don makara ba ta iya juyawa a matakalar.

An ba Goggo lokacinta. Gobe-Gobe ne ya biya motar da ta kwashe mata kaya zuwa wajen ƙanwarta, yana yi yana huci. Bayan nan masu rusau suka zo da guduma.

Matakalar dai ba su taɓa ta ba, tana nan ta hau ta tsaya a sarari. Wayar ma tana maƙale a tagata. In iska ta kaɗa, sai bakinta ya riƙa taɓa gilashi.