Muryar Da Ke Layin Farko

"A'a, 'yata, ba nan ba. Sauka ƙasa kaɗan. Yauwa, buɗe wannan fayil ɗin."

Ina zaune gaban kwamfutar maigidana, Injiniya yana kan kujera a bayana da bargo a gwiwa. Maƙwabcinmu ne, bango ɗaya ya raba ɗakinmu da nasu a saman bene. Da ƙyar ya tako barandar ranar, matarsa Gwaggo na riƙe da shi tana mita.

"Ni fa tela ce, Baba," na ce. "Ka ba ni almakashi ka ga aiki. Ina ni ina wannan tsutsar rubutu?"

"Za ki iya. Ni dai yau ba zan taɓa ba."

Tun da ciwon suga ya tafi da idon maigidana, kwamfutar ce ke karanta masa takardun da yake fassarawa, kuma aikin nan ne ya hana shi zama a lungu yana tsaki. Sai dai muryar da ta zo da manhajar ba ta jin Hausa ko kaɗan, karatu take kamar mai tauna tsakuwa. Injiniya ya yi watanni yana karanta jimloli a makirufo, ya haɗa mana murya da tasa muryar, ya jona ta. Fulogin yake ce wa irin wannan ƙarin. Amma duk sanda manhajar ta sabunta kanta, sai laburaren, wato tarin umarnin da take jingina da shi, ya kwaso duk fulogin da ya tarar a folda, wanda ya riga shiga ya ƙwace bakin. Sai mu ƙwanƙwasa bango, ya shigo da silifas ɗinsa ya gyara, ko shayi ba ya tsayawa sha.

Yanzu kuwa kowa ya ga jikinsa ya san abin da ake ciki.

"Kin ga inda aka ce ya kwaso da kansa? Rubuta a'a. To, daga yau ke ce za ki jera masa sunaye, wanda ba ki rubuta ba ba zai ɗauka ba. Na layin farko shi ke magana. In bai same shi ba, ya sauka na biyu."

Na rubuta, na ɓata, na sake. Da na danna, sai ga muryarsa daga sifika tana gaishe mu, garau, irin ta da kafin ciwo.

"Shi ke nan, Baba, ka kashe ni," in ji maigidana yana dariya. "Ranar da muka yi faɗa za ta rufe min ofis."

"Sai ka daina faɗan," in ji Injiniya.

Gwaggo ta fita ɗauko masa magani. Tana jan ƙofa ya sunkuyo, ya rage murya.

"Na layi na biyun nan muryar wata mata ce, wasu suka yi ta. Ba ta kai tawa ba, amma za ta yi muku aiki. In na tafi, ki sa wannan alamar a gaban layin farko, laburaren zai tsallake ni. Bangon nan ba kauri. Kada Gwaggonku ta riƙa jin ina surutu a gidan maƙwabta alhali gefen gadona babu kowa."

Maigidana ya lalubo hannun Injiniya ya riƙe.

Wata safiya Injiniya ya rasu, ana tsaka da wanke barandar. Na yi kuka kamar ubana ne, don ban san da me zan gode wa mutumin nan ba. Bayan mutane sun watse na cika alkawari, na sa alamar. Muryar matar nan ta kama karatu, tana haɗiye wasu haruffa, maigidana na gyara ta yana ƙunƙuni, amma aiki bai tsaya ba.

Ina kan keken ɗinki wata rana da hantsi Gwaggo ta turo ƙofa.

"Kwamfutar taku ta lalace ne?"

"Lafiyarta lau, Gwaggo."

"To ina yake? Kullum ina jingina da bangon nan ina jira, sai wata mata nake ji."

Na gaya mata yadda muka yi. Ta riƙe haɓa.

"Ji mutumin nan! Har ya tafi yana yanke min abin da zan iya da wanda ba zan iya ba. Mayar min da shi, 'yar nan."

Na dubi maigidana, ya gyaɗa kai. Na buɗe fayil ɗin na goge alamar.

Takardar da ake fassarawa ranar ta gyaran famfon ruwa ce. Muryar ta ɗauka daga inda matar ta tsaya: a kwance murfin, a duba robar, a share datti. Gwaggo ta ture ƙyallayen da ke kan benci ta zauna. Ta rufe ido, tana gyaɗa kai a ƙarshen kowace jimla.