Madatsar Bahago

"Sauko daga nan, Bahago," na ce masa. "Wa ya aiko ka?"

Bai sauko ba. Yana tsaye kan tsohuwar madatsar ƙasa da ke bayan gidajenmu a Ƙofar Kibo, kwandon jar ƙasa a ka, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Maƙwabcina ne, katanga ta raba mu, tsohon magini da gwiwa ta sa ya ajiye aiki.

"Malam Ya'u, kai ko inuwarka ba ka yarda da ita ba."

"Inuwata ba ta hira da dillalai."

Ya yi dariya, tari ya ƙwace ta.

Ga abin da ya dame ni. Tun da madatsar ta fashe shekarun baya, ruwan sama kwari yake bi ya wuce, kududdufin da take tare wa ruwa ya bushe ya zama juji. Ni hakan ya yi mini daidai, don gidana ginin ƙasa ne, kuma shi ne a gangare. In aka tare ruwa a samana, ranar da ya ɓalle katangata zai fara ci. Kuma da idona na ga Alhaji Sagiru, dillalin filayen da ya daɗe yana bina in sayar masa da gida, ya tsayar da mota suna magana ƙasa-ƙasa da Bahago. Ban yi boko ba, amma wannan lissafin na iya shi: ruwa ya kayar da gida, mai gida ya sayar da kango a wulaƙance.

Duk bazarar nan ina kallonsa. Ya kwashe ledoji da gwangwanaye. Ya fasa suri ya gauraya ƙasarsa da laka, wai ita ce ba ta yoyo. Ya roƙi Jalo, Bafulatanin da ke kiwo bayan ganuwa, ya riƙa koro shanunsa ta kan madatsar su tattake ƙasar ta danƙare. Na kai ƙara wurin mai unguwa, ya ce in bar tsoho ya yi wasansa.

Da hadari ya fara haɗuwa sai Bahago ya kwanta ciwo. 'Yarsa Radiya ta leƙo zaurena.

"Baba Ya'u, Baba na kira."

Na same shi kan tabarma, ƙafafunsa a kumbure, laka ba ta gama fita daga faratansa ba. Na yi masa sannu, na tafi kan maganata.

"Me Sagiru ya ce maka?"

"Abin da yake ce maka."

"Kai me ka ce?"

"Na ce ya dawo bayan damina."

Wannan ba amsa ba ce, na kuma gaya masa haka. Ya kalli azara, sannan ya ce:

"Ranar da muka binne Lami matata kana nan. Da me aka kwaɓa ƙasar toshe kabarinta?"

"Ruwan leda."

"Ana fasawa da haƙori ana tsiyayawa. Ga maƙabarta, ga kududdufi, a bushe."

"In don haka ne, me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Da ka yarda?"

"A'a."

Ruwa mai ƙarfi ya sauko da la'asar. Yana tsagaitawa na ɗauki shebur na hau madatsar, da niyyar fasa ta ta can gefe in na ga alamar ɓarna. Kududdufin ya cika taf. Rarar ruwan na fita ta wata 'yar hanya da ya yanka, ta bi ta bayan gidansa, ta cinye kusurwar garken awakinsa. Katangata ko jiƙa gindinta bai yi ba. Ko da gangan ya yi, ko tsufa ya sa ya kuskure awo, ban samu tambayarsa ba. Washegari da hantsi Bahago ya rasu.

Sagiru ya zo jana'iza, ya tsaya sahun baya. Ana addu'a, ni ina lura da inda idonsa yake zuwa.

Da aka jera itace a kabarin aka nemi ruwa, bokiti aka miƙa daga kududdufin, hannu zuwa hannu. Ni na kwaɓa ƙasar. Ruwan ja ne, da sanyi.

A hanyar dawowa na bi ta kan madatsar ina danna ta da diddige, ko zan ji inda ta yi laushi. Kwandonsa na nan a kife inda ya bar shi, balbela ɗaya tsaye a bakin ruwan.